Allura ko feshi? Neman sunan Hausa ga fuel injection na babur

Jama'a, ina rubuta ɗan bayani kan yadda ake cire kafireta daga ƙaramin inji, na babur ko na mai ƙafa huɗun nan da ake tsere da shi cikin yashi, a sa masa abin da Bature ke kira fuel injection. Sunan ne ya tsaya min a wuya. Na ga wasu na rubuta "allurar mai", ni kuwa ban gamsu ba.

Duk wanda ya taɓa kwance kafiretar Boxer ko Jincheng ya san akwai allura a ciki, wadda ke ɗagawa in an murɗa totur. Ka ce wa yaron gareji ya duba allurar mai, kafireta zai nufa kai tsaye. Sannan shi wannan abin ba ya huda komai. Famfo ne ke turo fetur da ƙarfi, ɗan bakin ya buɗe na ƙiftawar ido, ya watsa man kamar hazo cikin iskar da ke shiga inji. A kafireta inji ne ke zuƙo mansa, a nan kuwa auna masa ake yi a fesa. Shawarata: tsarin duka a ce "feshin mai", ɗan bakin kuma "mafeshi".

Wani makanikin babur: Malam, mu dai injekta muke cewa, wasu su ce nozul, kuma kwastoma na ganewa. Feshi ai aikin mai fenti ne, ko na mai gona.

Ni: Oga, gaskiyarka, injekta ba za ta bar gareji ba, kamar yadda fulogi da salansa suka zauna daram. Amma injekta sunan ƙarfe ɗaya ne, ba ta ɗauki famfo da wayoyi da ƙwaƙwalwar da ke ba da umarni ba. In aka haɗa da "mai", babu mai tunanin fenti.

Wani ɗalibin injiniya: Na yarda da feshi. Inda za ku sha wuya shi ne tuning. A kafireta sukurun iska ake murɗawa ko a canja jet, ɗan ƙarfen nan mai huji da fetur ke bi. A nan kwamfuta ake jonawa a gyara lambobi. Ƙwaƙwalwar tana da tebur: gefe ɗaya gudun inji, ɗaya gefen yadda aka buɗe totur, kowane gida kuma yana faɗin tsawon lokacin da mafeshi zai buɗe. Fetur na ƙonewa tas in nauyin iska ya ninka na mai sau 14.7, amma mai neman ƙarfi yakan sauko wajen 13, wato ya ƙara mai. In iska ta yi yawa inji ya yi zafi, fulogi ya yi fari, fistin ma na iya hujewa. In mai ya yi yawa fulogi ya yi baƙi, salansa na warin ɗanyen fetur.

Ni: Madalla, ɗan'uwa. To ai "saiti" na nan a bakin kowa, ba sai mun ƙirƙiro ba: saitin feshi. Teburin kuma "jadawalin mai". Bature na ce masa map, wato taswira, amma ban so taswira ba, don mutum zai zaci hanyar Zariya za a nuna masa.

Saura aftermarket, wato kayan da ake saya a sa wa inji bayan ya fito daga kamfani. "Na kasuwa" na sa a ji kamar jabu ne, alhali ba haka ba ne. PGM-FI na Honda da shi babur ke fitowa daga kamfani. MicroSquirt ko Speeduino kuwa daga baya ake sa wa injin da aka haifa da kafireta. Wannan ai dashe ne, kamar na ƙoda ko na tumatir. Feshin kamfani, feshin dashe. Power Commander daban yake, don shi ɗora shi ake kan feshin kamfani ya riƙa gyara lissafin.

Makanikin: "Dashe" ta yi min, wannan kam zan ɗauka. Tun da Indiya ta tsananta dokar hayaƙi a 2020 yawancin sababbin baburansu na gida feshi ne, mu ma wata rana sai ya iso mu. Amma Malam, ɗan abin nan da ake ɗaurawa a salansa yana auna iskar da ta rage cikin hayaƙi fa? Ni "mai shinshina" nake ce wa yarana.

Ni: Bar shi haka, Oga. Na rubuta.