Neman shawara: yaya zan gane ko taswirar Maradi ta OpenStreetMap abar dogaro ce?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Ni ɗaliba ce mai karatun ilimin ƙasa a nan Maradi, kuma kundin da nake rubutawa na kammala karatu ya shafi nisan da ke tsakanin gidajen jama'a da cibiyoyin kiwon lafiya na cikin gari. Na sauko da bayanan OpenStreetMap, taswirar nan da ƴan sa-kai suke zanawa tun 2004, na buɗe su a QGIS, manhajar aiki da taswira a kwamfuta, sai na ga tsakiyar gari ya cika da tituna da gine-gine, amma da na matsa zuwa sababbin kartiye na bakin gari sai zanen ya yi ta raguwa. Malamin da ke duba aikina ya ce ba zai karɓi lissafina ba sai na nuna hujjar ingancin bayanan, ga shi kuma ba ni da kuɗin hayar na'urar awo. Don Allah ta ina zan fara?

Wani dattijo, tsohon mai awon filaye:
Wa alaikumus salam ƴata. Malaminki yana da gaskiya, amma kada ki nemi amsa guda da za ta ce taswirar Maradi tana da kyau ko ba ta da kyau, domin inganci yana bin aikin da za a yi da ita ne. Ma'aunin ISO 19157, ƙa'idar duniya ta auna ingancin bayanan taswira, ya rarraba al'amarin: ko abin da ke ƙasa ya shiga taswira gaba ɗaya, ko an ajiye shi a daidai wurinsa, ko bayanin da aka liƙa masa gaskiya ne, ko yana nan har yanzu, sannan ko layukan sun haɗu yadda ya kamata. Daidaiton wuri shi ne mutane suka fi tsoro, kuma a aikinki shi ne mafi ƙarancin haɗari. A binciken da Muki Haklay ya wallafa a 2010, inda ya gwada OpenStreetMap da taswirar hukumar awo ta Ingila, ya tarar da saɓanin bai wuce kimanin mita 6 ba a matsakaici. Wannan Ingila ce, kada ki ɗora adadin a kan Maradi, amma ko da namu ya ninka haka, ba zai canza lissafin tafiyar kilomita ɗaya ko biyu zuwa asibiti ba. Abin da zai ɓata miki aiki shi ne titi biyu da suka haɗu a ƙasa amma a taswira an bar ɗan giɓi tsakaninsu, domin kwamfuta za ta zagaya da marar lafiya ta wata hanya mai nisa. Shafin Osmose na binciken kurakuran OpenStreetMap da manhajar JOSM ta gyaran taswirar suna tono irin waɗannan kurakurai kyauta. Idan kuma kina son abin kwatantawa na hukuma, ki nemi tsarin rabon filaye a ma'aikatar magajin gari ko taswirar IGNN, hukumar zana taswira ta ƙasar Nijar, sai dai ki tuna takardar rabon fili tana nuna abin da aka tsara ne, ba lalle abin da aka gina ba.

Wani ɗan sa-kai mai zanen taswira:
Baba ya gama magana a kan awo, ni zan ƙara ta ɓangarenmu. Ƙanwata, kowane titi da kowane gini a OpenStreetMap yana da tarihinsa a buɗe: wanda ya zana shi, ranar da ya zana, da hoton tauraron ɗan'adam da ya yi amfani da shi. Da yawa daga gine-ginen garuruwan Afirka mutanen da ba su taɓa zuwa wurin ba ne suka zana su daga nesa, ta ayyukan ƙungiyar HOT mai zana taswira don ayyukan agaji, wadda ta kafu bayan girgizar ƙasar Haiti ta 2010. Irin wannan mai zane yana ganin rufin kwano sarai, amma soron ƙasa launinsa ɗaya da tsakar gida, ɗakin da ke ƙarƙashin dogon yaro kuwa ba ya ganinsa sam, wani lokaci ma ya zagaye katangar gida duka ya kira ta gini ɗaya. Don haka ki raba garin gida uku. Akwai layukan da aka shata a kan tudu bayan ambaliyar 1945 ta ci tsohon garin da ke bakin Gulbi, waɗanda miƙaƙƙu ne masu sauƙin zane. Akwai tsofaffin lunguna masu cunkoso. Akwai kuma sababbin filaye na gefe, inda ake gini kullum alhali hoton da aka zana da shi ya kwana biyu. A kowane kashi ki zaɓi ƴan murabba'ai ta hanyar ƙuri'a, ba waɗanda suka fi miki kusa ba, ki ƙirga gine-ginen taswira ki gwada da sabon hoto da kuma Open Buildings, zanen gine-gine na Google, wanda ya fito a 2021. Shi ma na'ura ce ta zana shi, yana da nasa kuskuren, amma inda suka yi hannun riga da juna nan ne za ki je da ƙafarki.

Wata ma'aikaciyar lafiya:
Ƴar'uwa, ni abin da ya fi damuna shi ne cibiyoyin kansu, tunda daga sama ba a gane CSI, wato ƙaramar cibiyar lafiya, da gidan mutum. Ki karɓi jerin sunayen cibiyoyi daga hukumar lafiya ta gari, ki bi su ɗaya bayan ɗaya da GPS na wayarki, wanda a fili yakan ba da daidaito na kusan mita 5, ki duba ko wurin yana aiki, ko ana karɓar haihuwa, ko kuwa ɗakin sayar da magani ne kawai aka yi wa alamar asibiti. Ki kuma tambayi ƴan kabu-kabu hanyoyin da ruwa ke yankewa a watan Agusta da waɗanda yashi ke hana mota bi, domin taswira tana nuna su duka a matsayin titi.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, idan na tarar da kurakurai, in gyara su a taswirar kafin in yi lissafi ko bayan na gama?

Dattijon:
Ki fara adana kofin bayanan yadda kika same su, da kwanan watan da kika sauko da su, domin taswirar tana canzawa kowace rana, kuma da wannan kofi ne za ki auna yawan kuskure. Bayan haka ki yi gyaran da abin da kika gani da idonki, kada ki kwafo daga Google Maps, saboda ODbL, lasisin amfani da bayanan OpenStreetMap da ake aiki da shi tun 2012, bai dace da sharuɗɗansu ba. Sai ki yi lissafin nisan sau biyu, da tsohon kofi da kuma gyararre, ki sa sakamakon kowace kartiye kusa da juna a cikin kundin, ki kuma rubuta cewa bayanan na masu ba da gudummawa ga OpenStreetMap ne, kamar yadda lasisin ya wajabta.