Muhawara: Shin wanda ya fi shiru shi ne kyarkeci?

Mai Gabatarwa: Jama'a, a wasan Werewolf da muka yi ta saƙonnin waya daren Asabar, wato wasan da wasu 'yan wasa ke zama kyarketai a ɓoye suna cinye mutum kowane dare, sauran kuma mutanen gari masu jefa ƙuri'a da rana don korar wanda suke zargi, mutanen gari sun kori mutum biyu saboda shirunsu kawai, kuma dukansu biyun suka fito ba su da laifi. Duk da haka Yaya Babba ya dage cewa mai shiru ne ya fi cancanta a fara kora. Ga fili ga mai doki.

Yaya Babba: Ina nan a kan bakana. Kyarkeci ya san abokan cin mushensa tun daren farko, kuma kowace jimla da zai rubuta tana iya tona masa asiri, saboda haka abin da ya fi masa sauƙi shi ne ya lafe, ya bar mutanen gari su cinye junansu. Ko da mai shirun ya fito mutumin kirki, asarar kaɗan ce, domin dama bai tsinana wa gari komai ba.

Uwar Biyu: Yaya, ni ce ɗaya daga cikin waɗanda aka kora, kuma ni ce mai duba, wadda ake nuna wa asalin mutum ɗaya kowane dare. An ɗauke wuta, na tashi neman caja, kafin in dawo na tarar da saƙo ya haura tamanin da ƙuri'a bakwai a kaina. Wanda ya fara rubuta "ku lura da masu shiru" shi ne kyarkecin da na gano a daren farko, kuma babu wanda ya kai shi surutu. Ko da wutar ba ta tafi ba, mai duba yana da dalilin kame bakinsa, tunda da zarar ya bayyana kansa kyarketai za su cinye shi a daren.

Malamin Lissafi: Dimitry Davidoff, wanda ya ƙirƙiro wasan da sunan Mafia a Jami'ar Jihar Mosko a 1986, ya gina shi ne a kan karawa tsakanin tsiraru da suka san gaskiya da masu rinjaye da ke cikin duhu. A 1997 Andrew Plotkin ya sanya masa rigar kyarkeci. Da a ƙasar Hausa aka yi, da kura za a ce, tunda labarin mutum mai rikiɗa ya zama kura ba baƙo ba ne a wurinmu. Asali ido da ido ake yin sa, amma ko ido da idon ɗan Adam bai ƙware wajen gane maƙaryaci ba: nazarin da Charles Bond da Bella DePaulo suka fitar a 2006, wanda ya tattara gwaje-gwaje masu yawa, ya nuna mutane suna dacewa ne da kusan kashi 54 cikin 100, wato ɗan sama da canki-canka. To ina ga wanda yake karanta rubutu a waya, ba murya ba fuska? Abin da na fi yarda da shi shi ne tarihin ƙuri'a: wa ya zaɓi wa, a wane lokaci, kuma wa ya sauya ra'ayi daidai lokacin da igiya ta kusa wuyan wani.

Ɗan Auta: Malam, ita ma ƙuri'ar ana saye da ita. Na taɓa zama kyarkeci, na ga abokina ya riga ya faɗa rami, sai na riga kowa jefa masa ƙuri'a. Daga nan aka ɗauke ni amintaccen gari, har likita, mai kare mutum ɗaya daga kyarketai, ya riƙa kare ni kowane dare.

Yaya Babba: Na ji, Malam, amma ranar farko babu wani tarihin ƙuri'a da za a duba. Idan mu goma sha biyu ne kuma kyarketai uku, zaɓen ido rufe ɗaya cikin huɗu ne. Da me za mu fara?

Uwar Biyu: A kira sunan mai shirun, a tambaye shi wanda yake zargi da dalilinsa, a ba shi minti biyar. Da an yi mini haka ranar Asabar, da na ba ku sunan kyarkecin kafin ku kore ni.