Ya zan ce "alternative rock" da Hausa? Shirin na Asabar ne

Ummi_Rediyo: Salam 'yan'uwa, dan Allah a taimaka da gaggawa. Ina da shirin kaɗe-kaɗen duniya Asabar da daddare, furodusa kuma ya ce rubutun ya iso teburinsa jibi. Wannan makon faifan Kid A zan saka, na ƙungiyar makaɗa Radiohead 'yan Ingila, wanda ya fito a Oktoban 2000. Abu uku ne suka tsaya min a wuya: alternative rock, experimental, sai abin da Turawa ke cewa grower, wato wanda jin farko za ka ce wannan wane irin shirme ne, sai ka yi ta maimaitawa sannan ya kama ka. Ba na son zuba Turanci a iska, masu kiran waya suna ƙorafi.

Sani Jita: Anti Ummi, experimental mai sauƙi ne, ki ce kiɗan gwaji. Album kuma faifai, tun zamanin garmaho haka ake cewa.

Hauwa T: Kiɗan gwaji? In na ji haka a rediyo zan ɗauka makaɗan suna gwada sifika ne kafin a fara biki hhh. Gara "mai sabon salo".

Sani Jita: Sabon salo ya yi faɗi, duk mawaƙin da ya sauya hula sai a ce ya zo da sabon salo. Su waɗannan fa da gaske gwaje-gwaje suka yi. Bayan faifansu OK Computer na 1997 duniya na jiran su ƙara zuba jita, sai suka ajiye ta gefe. Ki saurari waƙar farko ta Kid A, Everything in Its Right Place, babu jita, madanni ne mai taushi yake ta zagaye, muryar mawaƙinsu Thom Yorke an yayyanka ta da na'ura tana fita tana dawowa a karkace, kuma in kika bi bugun da yatsa za ki ga sai an kai goma yake komawa, ba huɗu-huɗun da kunne ya saba ba. Wasu baitocin ma yanka su ya yi ya zuba a hula yana zarowa. Mai jitarsu Jonny Greenwood kuma ya ɗauko ondes Martenot, wani tsohon kayan kiɗan lantarki na Faransa tun 1928. In wannan ba gwaji ba ne to mene ne?

Hauwa T: To "gwaje-gwaje" ɗin da ka faɗa yanzu ya fi "gwaji". Ninkin ya cire maganar sifika.

Malam Dattijo: Assalamu alaikum. 'Yata Ummi, kada ki bari yaran nan su ruɗa ki. Alternative ba ta buƙatar jimla, kalma ɗaya ta isa: BIJIRAU. Daga bijire, a kan awon gagarau. Kiɗan da ya bijire wa abin da kasuwa ke so. Na daɗe ina ba ɗalibaina ita. Sannan wannan "rok" da nake jin kuna shirin cewa, ba Hausa ba ce, a bar ta inda aka ganta.

Bash Kawo: To Baba mu ce kiɗan dutse kenan 😂

Malam Dattijo: Ba wasa nake ba, yaro.

Sani Jita: Ranka ya daɗe bijirau tana da daɗin faɗi, amma akwai matsala. Sunan alternative ya samo asali ne a shekarun 1980 daga ƙungiyoyin da ƙananan kamfanoni ke fitarwa, rediyon jami'o'in Amurka ke sakawa, to a lokacin sun bijire ɗin. Amma tun da ƙungiyar Nirvana ta Amurka suka yi fice a 1991 abin ya zama na kasuwa. Kid A kansa a lamba ɗaya ya shiga jadawalin cinikin faya-fayai na Billboard na Amurka, ba tare da sun fitar da waƙa ko ɗaya ita kaɗai a matsayin singil ba, sannan ya ci kyautar Grammy ta rukunin alternative a 2001. Bijirau da ya fi kowa ciniki a makon da ya fito, ya za ta bayyana wa mai sauraro?

Malam Dattijo: Gagarau ko an naɗa shi sarauta sunansa gagarau. Suna asali yake bi.

Hauwa T: Ni "madadi" na gani a wata fassara, madadin rok.

Ummi_Rediyo: A'a Hauwa, madadin rok kamar an rasa rok ɗin ne aka kawo wani abu ya maye gurbi. Shi kuma rok ne, sai dai ya bauɗe.

Bash Kawo: Shikenan kin faɗa da bakinki, bauɗaɗɗen rok.

Ɗan Damagaram: Mu nan Nijar ba ma shan wannan wahalar. Kiɗan su Bombino da Mdou Moctar gita kawai ake ce masa, Turawa ne can suke liƙa masa rok ɗin sahara. Kuma albom muke cewa, ba wanda ya taɓa kasa ganewa. Faifai ai yaran yanzu na rufe ƙwarya kawai suka sani, in ma sun sani.

Malam Dattijo: Albom! Ga Faransanci ya shigo ta taga. Haka harshe ke mutuwa, yau albom gobe rok, jibi mu nemi Hausar mu rasa. Magabata da suka ga United Nations ba su ce Yunaitad ba, suka zauna suka ce Majalisar Ɗinkin Duniya, ga ta nan kowa na faɗi. Yanar gizo ma haka. Ƙwazo ne babu yanzu.

Bash Kawo: Baba na'ura mai ƙwaƙwalwa fa? Ina take? Kwamfuta ta cinye ta. Kuma rediyon da Anti Ummi ke aiki, da motar da kake hawa, da littafin da kake koyarwa da shi wanda daga Larabci ya zo, duk aro ne. Ko ƙamusun Bargery na 1934 cike yake da aro.

Malam Dattijo: Aron da ya kwana ya tashi ya sa rigar Hausa daban, wanda aka jajibo jiya daban.

Na Sakkwato: Ku Kanawa kullum ku ka yanke ma mutane hukunci. Wa yac ce bijirau ɗin ma kowa ya santa? Hausar da munka gada ba a allon makaranta anka ƙera ta ba.

Malam Dattijo: Ni ba Bakano ba ne, Bazazzagi ne.

Na Sakkwato: Ai sai abin ya ƙara muni.

Hauwa T: Jama'a yarinya na da aiki jibi kun koma faɗan gari. Ba wanda ya taɓa ta ukun ma.

Sani Jita: Grower ɗin ce mai wuya, kuma ita ce zuciyar shirin, domin haka ya faru da shi a zahiri. Da ya fito wasu jaridun Ingila sun yi masa kaca-kaca, suka ce ƙungiyar ta gudu daga waƙa ta ɓuya a bayan na'ura. Da shekarun 2000 suka ƙare sai ga mujallun kiɗa Rolling Stone da Pitchfork duk sun ce shi ne na ɗaya a shekaru goman. Faifan bai canza ba, waƙoƙi goma ne yadda suke. Waƙar The National Anthem jin farko hayaniyar ƙahoni ce kawai kowa na busa nasa, sai daga baya kunne ke gano cewa bes ɗin nan, wato jita mai kaurin murya da ke ƙasa, bai taɓa gocewa ba, shi ke riƙe da su duka.

Hauwa T: To ai goro ne. Ka tauna da ɗaci, ka kurɓi ruwa a kai ka ji zaƙi. Ki ce faifai ne mai ɗacin goro.

Ɗan Damagaram: Wannan ta zauna wallahi.

Malam Dattijo: Kwatance ne wannan, ba kalma ba. Kalma muke nema. Ni da na ce "maimaitau".

Bash Kawo: Baba komai sai ka sa masa au 😭 saura rediyau

Ummi_Rediyo: Na gode ƙwarai. Ga abin da zan rubuta: "faifan Kid A, kiɗan rok ne na 'yan bauɗiya, mai cike da gwaje-gwaje, irin mai ɗacin goro da sai an maimaita ake jin daɗinsa." Baba ka yi haƙuri rok ɗin na nan, domin in na cire ta ba wanda zai san wane kiɗa nake nufi. Amma zan ce wasu malamai na kiransa bijirau, mu ji me masu kira za su ce.

Malam Dattijo: "Wasu malamai." To. Ba laifi. Amma 'yan bauɗiya zagi ne a wajenmu, kuma zan kira shirin in faɗa.

Na Sakkwato: Ka kira, ni ma ina da kati.

Hauwa T: Ummi sunan ƙungiyar fa, haka za ki bar shi? Kar dai wani ya ce Kan Rediyo.

Ummi_Rediyo: Haka zan bar shi. Dan Allah kar a fara.