Neman kalmar Hausa: me za mu kira "downgrade" a harkar kwamfuta?

Assalamu alaikum. Malaman Hausa da masu gyaran kwamfuta, akwai kalmar da ta tsaya mini a rai tun ranar Asabar, na tambayi jama'a Hausarta, shawarwari suka shigo, yau na kawo ta gabanku.

Yayata na raka Farm Centre, nan Kano, wurin mai gyara. Malamar firamare ce, da laftop ɗinta take buga jarrabawa da sakamakon yara. Ta hannu ta saya, ram ɗinta, wato ƙwaƙwalwar aikinta, giga 4, kuma wanda ya sayar mata ya cusa wa na'urar Windows 11 don ta yi kyan gani a kanti. In ta kunna ta, sai ta ɗora ruwan shayi ta dawo ba ta gama buɗewa ba. Fanka na ta huci, ƙasanta ya yi zafin da ba ta ɗoruwa a cinya. Mai gyaran ya duba, ya ɗago kai ya ce, "Hajiya, wannan sai an yi mata dawungired." Yaya ta janyo kwamfutar jikinta ta ce, "Me za ka cire a ciki?"

Sai da ya koma Hausa zalla hankalinta ya kwanta. Ya ce, "Ba abin da zan cire, Hajiya. Kayan da aka ɗora mata ne ya fi ƙarfinta, zan sauke na ɗora mata wanda aka yi ta dominsa." Bayani ya yi kyau, amma jimla biyu ce. Ni kalma nake nema, wadda za a rubuta a allon shago, a kuma faɗa a waya a gane.

Ga abin da ake nufi, don waɗanda ba harkarsu ba ce. Kowace kwamfuta tana da babbar manhaja da ke tafiyar da komai, kuma tana fitowa ne zubi-zubi. Windows 7 ta fito a 2009, Windows 10 a 2015, Windows 11 a watan Oktoba 2021. Ta ƙarshen ta zo da sharuɗɗa: ram aƙalla giga 4, ma'adana giga 64, da wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, kuma a injinan Intel galibi sai daga zubi na 8 zuwa sama. Laftop da yawa da ke shigo mana na hannu sun girmi wannan sharaɗi. Cire sabon zubi a ɗora wanda ya gabace shi, shi ne abin da muke nema wa suna. Ba yau aka fara ba. Da Windows Vista ta fito a 2007, mutane sun yi ta komawa Windows XP da ta gabace ta saboda nauyinta. Haka aka yi a 2012 da Windows 8 ta ɗauke maɓallin farawa da kowa ya saba da shi. Har kamfanin Microsoft kansa ya sa wannan dama cikin lasisin zubin Pro da ke zuwa a kan sabuwar na'ura, saboda ofisoshin da tsofaffin manhajojinsu ba sa tafiya a kan sabo.

Na gode da shawarwarin da suka shigo. Bari na bi su.

Wani ya ce tunda muna cewa "ɗaukakawa" ga hawa sabon zubi, sai mu ce "ƙasƙantarwa". Ma'ana ta hau, amma ba mai bakin da zai ce wa kwastoma zai ƙasƙantar masa da kwamfuta. "Rage daraja" da "rage girma" ma hanyarsu ɗaya, na ma'aikacin da ya yi laifi ne a ofis. Kwamfutar Yaya ba ta rasa daraja ba, aiki ma ta soma yi.

"Saukarwa" ita ce ta fi yawan masu goyon baya, kuma gaskiya ana jin ta a kasuwa: "Sauko min da ita goma." Matsalarta ɗaya ce, amma babba. "Saukewa" ta riga ta zauna a kan kwaso abu daga intanet. Ka ce wa yaron shago ya saukar maka da Windows 10, filashi zai miƙo maka da fayil a ciki, kwamfutarka na nan yadda take.

Wani direban mota ya ce "ribas". Ina son ta don kowa ya san ta, to amma aro ce ita ma. In za mu maye aro da aro, gara a bar dawungired ɗin.

Wadda ta sa na ajiye waya na yi shiru ita ce ta wani dattijo, malamin makarantar Islamiyya. Ya rubuto: "Ɗana, ai Hausa na da kalmar nan. Kome ne." Allah ya ƙara wa Malam lafiya, don ya taɓo wani abu da ban zaci zai dace haka ba. A aure, in saki na kome ne kuma idda ba ta cika ba, miji na mayar da matarsa ba tare da sabon sadaki ko sabon ɗaurin aure ba. In idda ta cika, sai an sake sabon lale. To ku dubi yadda Windows ke yi. In ka hau daga 10 zuwa 11, tana ajiye tsohuwar a wata jaka mai suna Windows.old, ta ba ka kwana 10. Cikin kwanakin nan kana shiga saiti ka danna komawa, ka tarar da takardunka da hotunanka suna nan. In kwana 10 suka wuce, ana share jakar, ƙofa ta rufe. Daga nan sai an kwashe kayanka zuwa wata ma'adana, an wanke kwamfutar tas, an ɗora tsohuwar daga farko, sannan a bi direbobi, wato ƙananan manhajojin da ke sa kowane sashe aiki, ɗaya bayan ɗaya: na sauti, na wayarles, na firinta. Ban san wata kalma da ta riƙe wa'adi da sauƙin komawa a wuri ɗaya kamar "kome" ba.

Sai dai, Malam, a yi mini afuwa, ba za ta ɗauki dukkan kayan ba. Kome sai inda aka taɓa zama. Wanda ya sayi sabuwar laftop a kwali da Windows 11, ya sa aka ɗora masa 10 saboda tsohuwar firintar shagonsa ba ta da direba a sabon zubi, ina kome a nan? Ba su taɓa haɗuwa ba. Sannan a rubuce tana rikicewa da "kome" ta "komai", wadda mutane da yawa har yanzu haka suke rubuta ta. Don haka na ajiye ta ga komawar cikin kwana 10 kawai, kuma a nan ba na jin akwai wadda za ta ture ta.

Wata 'yar'uwa daga Maraɗi ta ce a kira shi "komawa tsohuwar zuma". Wannan kam ban yarda ba, kuma dalilina ba na harshe ba ne kaɗai. Sunan yabo ne, zai sa mutum ya ɗauka tsohon zubi magani ne ko da yaushe. Microsoft ta daina aiko wa Windows 7 gyaran tsaro tun 14 ga Janairu 2020. Windows 10 ma tallafinta na yau da kullum ya ƙare ranar 14 ga Oktoba 2025, sai ƙarin wa'adin tsaro da aka ba wanda ya yi rajista. Burauzar Chrome ta daina sabuntuwa a kan Windows 7 tun farkon 2023. Wanda ya tuna cutar WannaCry ta watan Mayu 2017, wadda ta kulle kwamfutocin asibitoci a Ingila, ya san abin da ƙofar da ba a toshe ba ke jawowa. Mai shiga asusun bankinsa a kan Windows 7 yau ya bar gidansa ba sakata. Ga kuma sababbin na'urori da in ka ɗora musu 7, linzami da allon rubutu na USB sai su ƙi motsi tun wurin ɗorawa, don ba ta zo da direban USB 3.0 ba. Kalmar da muke nema kada ta kushe aikin, kada kuma ta yi masa talla. Ta faɗi abin da aka yi kawai.

Shi ya sa na tsaya a kan "mayarwa baya".

Na san abin da za a ce, wani malamin jami'a ma ya riga ya faɗa: tana ƙanshin "koma baya", kuma ba mai son a danganta shi da ci baya. Malam, na ji, amma ku saurari bambancin. Koma baya abu ne da ke samun mutum ba da son ransa ba. Mayarwa kuwa da hannu ake yi, da niyya, kamar mai kallon bidiyo ya ce a mayar masa baya ya sake gani. Kuma "baya" a nan jerin zubi take nufi, ba tarihin na'urar ba, don haka ta ɗauki mai sabuwar laftop ɗin nan da "kome" ta bari a waje. Ku gwada ta a baki. Mayar min da ita baya zuwa goma. Nawa ne kuɗin mayarwa baya? Wannan ba ta mayaruwa baya, injinta sabo ne. Kwamfutocin Apple ba sa karɓar zubin da ya girmi wanda suka zo da shi, wato mayarwa bayansu na da iyaka. Duk jimlolin sun zauna, ba wadda sai an yi mata ciko.

Jiya da yamma na koma karɓo laftop ɗin. Na ce wa mai gyaran, "Maigida, an mayar da ita bayan?" Bai tambaye ni me nake nufi ba. Ya ce, "An mayar, tana kan goma. Ka faɗa wa Hajiya ta ci gaba da buga jarrabawarta, amma harkar banki ta bar wa waya." Ya kunna ta a gabana, kafin na gama ƙirga masa kuɗinsa ta buɗe.