Muhawara: Shin Sharar Masana'antu a Ƙarƙashin Titi na Gurɓata Ruwan Sha?

Injiniya: Ina nan a kan bakana cewa gara a yi titi da tokar kwal da kashin maƙera na masana'antar ƙarfe, da a bar su jibge. A watan Disamban 2008 madatsar tokar kwal ta ɓalle a Kingston da ke jihar Tennessee ta Amurka, ta malale cikin kogin Emory. Da a ce tokar nan cikin siminti ta shiga, da ba a ga wannan ɓarna ba.

Malama: Injiniya, ban musa batun siminti ba, domin tokar da ya ɗaure da wuya ruwa ya wanke abin da ke cikinta. Damuwata ita ce wadda ake zubawa haka nan a matsayin ciko. Kwalta tana tsagewa, ruwan sama ya kutsa, ya narkar da sinadarai irin su asenik da boron da selenium, ya gangara da su zuwa ruwan ƙarƙashin ƙasa inda rijiyoyi ke ɗiba. A garin Pines na jihar Indiana an yi cikon hanyoyi da tokar kwal, daga baya aka gano boron a rijiyoyin gidaje, har sai da aka ja wa mutane ruwan famfo.

Injiniya: A yi adalci, Malama, akwai babban jujin toka a garin, kuma shi aka fi ɗora wa laifi.

Malama: Haka ne, amma juji wuri ɗaya yake, ana iya kewaye shi da rijiyoyin gwaji a sa masa ido. Titi kuwa yana miƙewa tsawon kilomitoci, ya ratsa fadama da gonaki, kuma bayan shekara talatin wa zai tuna abin da aka binne a ƙarƙashinsa? Kashin maƙera ma, ruwan da ya ratsa shi yakan fito da kaifin sinadarin alkali irin na farar ƙasa, wanda ke iya kashe kifi a ƙaramin rafi.

Alhaji: Na saurare ku duka. Injiniya, za ka yarda a hana ciko da wannan shara a inda ruwan ƙasa ke kusa?

Injiniya: Na yarda, Alhaji, tare da sharaɗin gwajin wanko, wato a auna sinadaran da ruwa ke wankowa daga cikinta, a kan kowace shara kafin amfani. Haramtawa gaba ɗaya ce ban yarda da ita ba.

Malama: Ni kuma sai an ajiye taswirar duk inda aka zuba ta, an kuma fayyace wanda zai biya kuɗin gwajin rijiyoyi bayan ɗan kwangila ya tafi.