Addini da ƙuri'a a zaɓukan cike gurbi na Ailan a ƙarni na 19

Aminu, Mabera:
Assalamu alaikum. Ina nazarin tarihin Turai, kuma na tsaya a kan zaɓen cike gurbi na gundumar Clare ta ƙasar Ailan, wadda a lokacin take ƙarƙashin mulkin Birtaniya, a 1828, wato zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a nan Sakkwato. Daniel O'Connell, ɗan Katolika, ya samu ƙuri'a 2,057, abokin hamayyarsa Vesey Fitzgerald kuwa 982, alhali kowa ya san rantsuwar majalisar Landan ta saɓa wa aƙidar ɗan Katolika, don haka ba zai iya zama a kujerar ba. Shin addini kaɗai ya ja hankalin manoman da suka zaɓe shi?

Malam Sani, Runjin Sambo:
Wa alaikumus salam, Aminu. Addini ya taka rawa babba, amma ka fara duba yadda ake zaɓen. Kafin dokar ƙuri'ar sirri ta 1872, manomi yakan tsaya a bainar jama'a ya faɗi sunan wanda ya zaɓa da bakinsa, wakilin mai gonar da yake haya yana sauraro, limamin cocinsa ma yana sauraro. Wanda ya taɓa yin layi a bayan hoton ɗan takara a zamanin Babangida ya san nauyin idon jama'a. Abin da ya ba manoman Clare ƙarfin zuciya shi ne Ƙungiyar Katolika da aka kafa a 1823, wadda talakawa ke ba gudummawar kwabo ɗaya kowane wata. Gwamnatin firaministan Birtaniya, Wellington, ta ga ba makawa, ta buɗe wa 'yan Katolika majalisa a 1829, sai dai ta ɗaga sharaɗin dukiyar mai zaɓe daga sule 40 zuwa fam 10. Talakawan da suka sayar da rai su aka fara cirewa daga rajista, kuma wannan yana ci mini rai duk lokacin da na karanta.

Hajiya Rabi, Arkilla:
Malam ya yi gaskiya, amma ƙanena, kada ka tsaya a Clare. A Kerry a 1872, Bishop Moriarty ya goyi bayan ɗan Katolika James Dease, jama'arsa kuwa suka zaɓi Blennerhassett, ɗan Furotesta mai neman Ailan ta samu majalisarta. Parnell, wanda daga baya ya jagoranci masu wannan fafutuka, shi ma Furotesta ne, kuma zaɓen cike gurbi na Meath a 1875 ya kai shi majalisa. A wannan lokacin batun gona da cin gashin kai ya kama zukata fiye da cocin ɗan takara.

Aminu, Mabera:
Na gode, Yaya Hajiya. To, yaushe limamai suka sake nuna ƙarfinsu?

Malam Sani, Runjin Sambo:
Ka duba Kilkenny ta Arewa a Disambar 1890, bayan shari'ar sakin auren O'Shea, wanda ya zargi Parnell da neman matarsa, ta raba jam'iyyar Parnell gida biyu. Yawancin limamai sun fito fili suna adawa da shi, kuma ɗan takararsa, Vincent Scully, ya sha kaye a hannun abokin hamayyarsa Sir John Pope Hennessy.