An ɗauki hoton idon Mama, likita bai gan ta ba, amma an ce mu je babban asibiti

Ummu Hanan:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah masu ilimin harkar ido ku fitar da ni daga duhu. Mahaifiyarmu ta daɗe tana fama da ciwon suga, tana shan magani, ba ta kuma fashin ganin likita. Zuwanmu na ƙarshe sai nas ta ce an fito da sabon tsari, duk mai suga sai an ɗauki hoton cikin idonsa. Aka shigar da ita wani ɗaki mai duhu-duhu, ta ɗora haɓa a kan wata na'ura, haske ya walƙa a kowane ido, shi ke nan wai an gama. Ba a ɗiga mata komai ba, babu kuma likitan ido ko ɗaya a wurin. Nas ta ce ta intanet za a tura hoton, wani ƙwararre da ke can wani gari ne zai duba.

Bayan 'yan kwanaki aka kira ni a waya, wai a idon dama an ga alamar jini, a kai ta babban asibitin ido kada a ɗau lokaci, na hagu kuma hoton bai fito ba. Mama ta kafe ta ce ba inda za ta, garau take gani, har zare ita ke zura wa kanta a allura, kuma ta yaya mutumin da bai taɓa ganinta ba zai ce idonta na ciwo? Ni ma abin ya ɗaure min kai. Wannan hoton abin dogaro ne kuwa, ko dai wata hanya ce ta tara wa asibiti mutane?

Baban Yara:

Wa alaikumus salam. Ni dai ina bayan Hajiya. Ido ba abin wasa ba ne, na fi yarda likita ya zaunar da ni, ya haska da kansa, ya yi min tambayoyi. Yanzu komai an mayar da shi kwamfuta. Amma tunda an ce ku je, ku daure ku je ɗin, ko ba komai hankalinku ya kwanta.

Mai Kyamara:

Yaya Ummu Hanan, Allah ya ƙara wa Mama lafiya da nisan kwana. Ni ba likita ba ne, amma ɗaukar irin wannan hoton shi ne aikina na kullum, kuma maganar zare da allura na ji ta a bakin iyaye ba adadi.

A bayan ido akwai wani tantani mai laushi wanda haske ke sauka a kansa, shi ke aika wa ƙwaƙwalwa abin da aka gani. A duk jikin mutum nan ne ake iya kallon hanyoyin jini ƙuru-ƙuru ba tare da an yanka fata ba. Idan suga ya daɗe yana hawa, bangon ƙananan hanyoyin jinin sai ya yi rauni, wasu su kumbura, wasu su fara yoyo. A allon kwamfuta lafiyayyen ido ja ne mai ruwan lemo, jijiyoyi sun bazu a kansa tsaf. Na mai matsala kuwa za ki ga ɗige-ɗige ja kamar an taɓa da tsinin biro, da wasu ɓarɓashi rawaya, maiƙo ne da ya tsiyayo daga jini ya daskare. Muddin waɗannan ba su kai tsakiyar tantanin ba, wurin da ake karatu da gane fuska da shi, mutum ras yake gani, ba zafi ba ƙaiƙayi. Aikin gara ne a cikin katako, daga waje ba a ganin komai. Ranar da mutum zai ce "gani na ya canza" sau da yawa tsakiyar ta riga ta kumbura, ko jini ya zuba cikin ido. Kusan kashi ɗaya cikin uku na masu suga suna da wata alama ta wannan ciwon, da yawansu ba su sani ba.

Malam Baban Yara, da girmamawa, a nan ne na saɓa da kai. Likitan da ya haska ido da 'yar fitilar hannu ba tare da an buɗe idon da magani ba, ɗan wuri kaɗan yake leƙawa, mara lafiya na ƙifce-ƙifce, haske na damunsa. Hoto kuwa a tsaye yake. Mai dubawa zai faɗaɗa shi son ransa, ya ɗora shi kusa da na bara ya ga me ya ƙaru, in ya yi shakka ya tura wa na gaba da shi. Ba ya buƙatar sanin fuskar Mama kafin ya gane jini.

Kuma ba yau aka fara ba. Ingila ta soma wannan tsari a 2003, zuwa 2008 ya game ƙasar, duk mai suga daga shekara 12 ana kiransa a ɗauki hoton, masu tantancewar kuma yawanci ba likitoci ba ne, horo aka ba su na musamman. A 2014 wani bincike ya nuna cewa a karon farko cikin shekara 50, ciwon suga ya sauka daga matsayin abin da ya fi makantar da masu shekarun aiki a Ingila da Wales. Masu binciken sun ce kyautata kula da suga ma ya taimaka, amma tantancewar na cikin manyan dalilai.

Abin da ya fi tsaya min a rai a bayaninki shi ne idon hagu. Mutane suna jin "hoto bai fito ba" sai su ɗauka ba a ga komai ba, lafiya ke nan. A'a, ba a samu an duba ba ne. A wurin tsofaffi yawanci ko ƙofar baƙin idon ta tsuke, ko yanar ido ta fara rufewa ta tare hasken kyamara. A babban asibiti za su ɗiga mata maganin da ke buɗe idon, su duba da na'urarsu, wataƙila su yi mata wani hoton da ake kira OCT, wanda ke nuna kaurin tantanin daki-daki, a ga ko ruwa ya taru. Maganin yana sa gani ya yi dishi-dishi na 'yan sa'o'i, rana kuma ta dame ta, don haka a tafi da baƙin tabarau da mai riƙe mata hannu. In ana buƙatar aiki, akwai leza, wato aiki da haske mai ƙarfi, akwai allurar ido. Sun fi ƙarfi wajen tsare ganin da ya rage a kan dawo da wanda ya tafi, shi ya sa ake cewa kada a ɗau lokaci.

Ummu Hanan:

Na gode ƙwarai ɗan'uwa, Allah ya saka da alheri. Zan karanta wa Mama wannan da daddare. Sai dai ƙanena ya ce wai a wasu wuraren ma ba mutum ke dubawa ba, kwamfuta ce ke yanke hukunci. Wannan fa?

Mai Kyamara:

Gaskiya ya faɗa. A watan Afrilun 2018 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da wata manhaja mai suna IDx-DR, wadda ke duba hoton ta ba da amsa ba sai likita ya sa baki ba. A gwajin da aka yi mata da mutum 900, cikin kowane ɗari masu ciwon ta kamo kusan 87. Amsarta kuma ba ta wuce biyu: a je wurin likitan ido, ko a dawo baɗi.

Amma ɗakin gwaji daban, ƙaramin asibiti daban. Da Google ya kai tasa manhajar asibitoci 11 a Tailan, rahoton da suka fitar a 2020 ya nuna kusan hoto ɗaya cikin biyar manhajar ta ƙi karɓa, saboda ɗakunan ba su da duhun da ake so, ga intanet na jan ƙafa, layi na ƙara tsawo. Duk wanda ya taɓa wannan aikin ya san zafin abin, ka ɗauki hoto mai kyau a ganinka, na'ura ta ce sake.

In kin bi ta tawa, ba na'ura ce ke ba ni tsoro ba. Takardar turawa ce da ake ninkewa a jefa cikin jaka. Na sha ganin wanda aka tura ya dawo shekara ta zagayo da takardar a hannunsa, ido ɗaya ya riga ya dushe.

Ɗan Autan Gida:

Ku ba ni aron wuri in yi tambaya. Ni ma an ɗauke ni, aka ce lafiya lau. Babanmu hawan jinin ido ne ya makantar da shi. Ke nan ni na tsira?

Mai Kyamara:

Allah ya sa, amma kada ka dogara da wannan kaɗai. Sakamakon da aka ba ka amsar tambayar suga ce. Hoton yana nuna kan jijiyar gani, kuma mai dubawa da ya ƙware yakan lura in ramin tsakiyarta ya faɗaɗa, sai dai ba a wanke mutum daga gilakoma, wato hawan jinin ido, da hoto ɗaya. Sai an auna ƙarfin ruwan ido, a yi gwajin faɗin gani, wanda za ka riƙa danna maɓalli duk sanda ɗigon haske ya bayyana a gefe. Ciwon yana bin jini, ya kuma fi kama baƙar fata, da wuri. Tunda mahaifi ya yi, ka je ka faɗa musu haka da bakinka, ka kuma gaya wa yayyenka su ma su je a auna su.